Ƙoƙon Jibi da tarin da na ɓoye

Salama gare ku. Shekara da shekaru ban buɗe baki bisa zancen ga ba, ko ɗiyana rabinai sunka sani. Yau nac ce ma surukata ta ɗauko waya, ina faɗi tana rubutawa, kar ta gyara min komi.

Shekarar da soja sunka canza kuɗi tari yak kama ni. Muna zaune wani ƙauye ƙasar Gummi, mu Kirista gidajenmu ba su cika goma ba.

Da fari nac ce ƙaiƙayin sussuka ne. Sai zazzaɓi da marece, sai zane ya riƙa sulluɓe min ga ƙugu. Rannan na tofar da kaki, na ga jini. Na tura ƙasa da ƙafa na rufe. Ko maigidana Bitrus ban gaya ma ba.

Ga yadda muke Jibin Ubangiji. Ƙoƙo guda ne da ruwan soɓo, shi ke zagaye kowa. Kafin a sha, Fasto ya ce kowa ya duƙa ya bincika zuciyarsa, wanda ke da abu tsakaninsa da Allah ya bar ƙoƙon ya wuce.

Wa ke binciken zuciya? Kawuna na duƙe, idanu na yawo. In kika bar ƙoƙon ya wuce, kafin ki kai gida an ba ki kwarto, an ba ki sata.

Sai na sha. Jibi uku ina sha, kuma na san tarin ga ana ɗauka, shi yak kashe wani kawuna. In na sha, in miƙa ma Iya Tabita, tsohuwa makauniya da ke zama kusa da ni.

Rannan bakin rijiya na yanke jiki na faɗi. Bitrus ya sai da akuyoyinmu biyu, munka hau mota sai asibiti. Kaki cikin gwangwani safiya uku, anka ɗauki hoton ƙirji. Tarin huka. Allura kullum har ɗuwawu ya rasa wurin soka, kunne na min ƙugi. Matar gadon da ke gefena ta cika ina kallo.

Malamin asibiti yac ce, "Mama, wa ke ci ko sha ƙwarya guda da ke?"

Nac ce Bitrus kaɗai.

Sai ga Rahila, uwar zumuntar matan ikilisiyarmu, da mata biyu. Bakin ƙofa sunka tsaya, ta toshe hanci da gefen kallabi.

"Saratu, ciwon ga ba banza ba. Mai shan ƙoƙo da ƙazanta haka yake ƙarewa. Faɗa muna, namiji ne, ko hatsin zumunta kika sata?"

"Yaya Rahila, namijin da za ya dube ni haka, kawo shi in gode mai."

Sunka yi waƙa guda cikin gudu sunka tahi. Tun daga ƙauye sunka biya mota don su ji gulma, ko ƙwai guda babu. Maƙwabciyarmu Bafillata, da ba addininmu guda ba, ita ke aiko min da nono.

Amma da sunka tahi, maganar ta zauna min. Bisa gadon nan na fara binciken da Fasto ke faɗi, babu mai kallo na. Ban iske kwarto ba, ban iske hatsi ba. Hannun Iya Tabita na iske, yana lalube yana amsar ƙoƙo daga nawa. Na fi tsoron bakin Rahila da idon Allah.

Wata biyu anka sallame ni da ƙwayoyi. Lahadin farko na miƙe tsakiyar sujada. Rahila har ta gyara zama.

Na faɗi komi. Jinin, ƙoƙon, ƙaryar da na yi ma malamin asibiti.

Ba zunubin da ta zo ji ba ne. Sai ta hau shafa maƙogwaro tana tambayar layi nawa ke tsakaninta da ni. Tsarkinta iyakarsa nan.

Iya Tabita tac ce, "Ɗiyata, zo nan." Ta kama min hannu. "Ni ma na jima ina tarin, zane nike cusawa baki. Gobe ki kai ni asibiti."

Na kai ta. Shi ne. Tare munka riƙa haɗiyar ƙwayoyinmu fiye da shekara, ta warke, ta ƙara damina shidda.

Surukata ta ce wai cikin iska ake ɗaukarsa, ba ga ƙoƙo ba. Ko ma mi ne, ni da sanin da nike da shi ran nan na miƙa mata.

Na gode ma Allah, na gode ma Bitrus, yana can wurin Ubangiji, da masu allurar nan da na zaga sunka yi haƙuri.

Tari in ya wuce sati biyu, ku tahi asibiti. Magani ku shanye shi, ko kun ji sauƙi. In likita ya tambaye ku wa kuke zama da shi, ku faɗi kowa. In kuma ranar Jibi kika duƙa kika iske abu, ki bar ƙoƙon ya wuce. Su Rahila za su yi magana. Ni an yi tawa har sunka gaji, ga ni nan ina cin tuwo.