Damata ta Bar Maamobi

Lokacin da Damata da mijinta Jalilu suka sauka Maamobi, a wata ƙasa can kudu kusa da teku, a 1951, babu komai a wurin sai ciyawa har ƙugu da shanun mahauta. Daga Birnin Konni suka fito. Jalilu mai koro shanu ne zuwa kudu. Da ya gaji da hanya sai ya roƙi fili wajen ƙabilar Ga masu ƙasar, suka nuna masa da sanda daga wata tsamiya zuwa bakin rafi.

Da hannunsu suka kwaɓa ƙasa suka tayar da ɗaki biyu. Ruwan sha kuwa sai Damata ta ɗauki garwa ta tafi har Kokomlemle. Ko da wasu suka biyo baya, gida bakwai ne duk unguwar, kowa da yarensa, Hausa ce ke haɗa su.

Damina ita ce abin tsoro. Ruwan Yuni a bakin teku ba irin na gida ba ne, yakan yi kwana uku yana zuba, da sanyi mai shiga ƙashi. Shi ya sa kowace shekara kafin ya sauka sukan yi gayya, a bi gida-gida ana yaɓe bango, ana danne kwanon rufi da duwatsu, Damata na bin ma'aikata da koko da ƙosai. In ruwa ya hana fita, mata su taru gindin murhunta ana gasa masara, kowace na ba da labarin garinsu.

A shekara ta goma wani bijimi ya tunkuyi Jalilu a mayanka, bai kwana biyu ba ya cika. Damata ta ci gaba da sayar da koko a ƙofar gida har ta aurar da 'yarta guda, Zuera, ga wani kafinta Badagombe, ɗan ƙasar, a unguwar Nima. Unguwa ta cika, lunguna suka cinye ciyawa.

Ƙarshen 1969 aka sanar a rediyo cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Damata ba ta zaci da ita ake ba, ta ɗauka sababbin zuwa ake nufi. Surukinta ya yi kwana uku yana bin layi a ofisoshi, ya dawo ya ce sai da takardar ƙasarta ta haihuwa, abin da ba ta taɓa riƙewa ba.

Zuera, da tsohon ciki, ta ce, "Inna, ki zo ki ɓuya a ɗakina."

Ta je. Kwana tara ta yi a bayan labule, ba ta ko tari da ƙarfi. Amma tana ganin yadda surukin ke zabura duk lokacin da aka taɓa ƙofa, ya daina cin abinci. Ran na goma ta ɗaure kayanta. Zuera ta riƙe mata zani tana kuka.

"Sake ni, 'yar nan," in ji Damata. "Ba ni da dabara, ke ma ba ki da ita."

Aka cusa ta da sauran baƙi a babbar mota, kwana shida a hanya. A Konni ta tarar duk waɗanda suka san ta sun mutu, sai wani ɗan ƙanin mahaifinta da ya ba ta ɗaki kusa da turken awaki. Bayan wata biyar wasiƙa ta iso: Zuera ta haifi mace. Damata ta sa malamin makaranta ya karanta mata sau biyu, sannan ta tambaye shi ko an rubuta wanda ya yi wa maijego wanka. Ya duba, ya ce ba a rubuta ba.