Hannun Baba Kar-ka-motsa

A sashen zane na jami'a, ba ɗalibin da ke wuce shekarar farko bai zana Baba Kar-ka-motsa ba. Sai an gama da kwalba da kofi da ƙyalle a kan tebur, sannan a shigo da shi, a zaunar da shi a wata tsohuwar kujerar katako a tsakiyar ɗaki. Aikinsa ke nan, ya zauna tsit, ɗalibai su kewaye shi da gawayi da manyan takardu. Kafin a fara, Malama takan durƙusa ta zagaye ƙafafunsa da alli a daɓe, don in ya tashi shan ruwa ya mayar da su daidai inda suke.

Da can masinja ne. Ranar da wanda ake zanawa bai zo ba aka ce ya ɗan zauna, ɗan zaman nan ne ya cinye masa rabin rayuwa. Matarsa, Allah ya ji ƙanta, takan yi masa tsiya cewa a gida ba ya iya zama ya ƙarasa abinci, amma wai zama ne sana'arsa. Da ta rasu, 'ya'ya suka watsu, kujerar nan ta zama wurin da kaɗai ake ɗaga kai a dube shi da kyau. In ana darasin tarihin zane a ɗakin kusa, yakan leƙa ta taga ya ga fuskokin mutanen da suka daɗe da mutuwa ana haskawa a bango, ya ce a ransa su ma haka wani ya ce musu kar su motsa.

A bana hannunsa na dama ya fara rawa. Tsoro ya kama shi, don ya san wanda ba ya iya zama tsit ba shi da amfani ga masu koyon awo da inuwa. Sai ya riƙa danne shi da na hagu. Malama kuwa, wadda ya sani tun tana ɗaliba mai karya gawayi, ta sha kallonsa har ta daina ganinsa, idonta kullum a kan takardu yake. Ɗaliban sun lura. Ba wanda ya ce uffan, suka yi ta zana masa hannu lafiyayye, shi kuma yana gode musu a zuci.

Ana nan sai makon zanen hannu ya zo.

"Baba, ɗora na daman a gwiwa, a buɗe," in ji Malama. "Ku kuma abin da kuka gani za ku zana, ba abin da kuka sani ba."

Ya ɗora. Ya cije, ya tattara duk ƙarfinsa har zufa ta jiƙa masa riga, amma hannun ya ƙi jin magana.

A gaba akwai wata yarinya da ake kira Bahaguwa, wadda in ta kama gawayi ba ta ji ba ta gani. Malama tana zagaye ta tsaya a bayanta, ta daɗe tana kallon takardarta. Sannan ta ɗago ta dube shi, irin duban da rabonta da yi masa an yi shekaru.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun farkon zango, 'yata."

Sauran ɗalibai suka bi Bahaguwa da harara, sai a lokacin ta gane abin da ta yi, ido ya cika mata da hawaye.

"Baba, ka yafe ni. Wallahi ban yi nufin tona maka asiri ba."

"Juyo mini da shi in gani," ya ce.

Ta juyo. Kowane yatsa layi bisa layi, ga jijiyoyi, ga tsufa, ga rawar nan ƙuru-ƙuru a takarda. Ya ce sauran ma su juyo nasu. Duk hannuwan samari ne, a miƙe, ba nasa ko ɗaya. Abin ya yi masa ciwo fiye da rawar kanta.

"Za mu rage maka lokacin zama," Malama ta ce a hankali. "Ko ka riƙe sanda. Ba sai ka tafi ba."

Yana so ya ce to, Allah ya sani. A gida ba abin da ke jiran sa sai rediyo. Ya sake duban takardun, ya girgiza kai.

"Kin dai ga abin da suke yi. Tausayina suke zanawa, kuma ba shi iyayensu suka turo su su koya ba." Ya juya ga Bahaguwa. "Share hawayenki. In an gama ba ki maki, ki kawo mini shi. Ina so jikokina su ga ainihin hannun kakansu."

Ya tashi, ya sa takalmi ya goge allin da ke daɓe har ba sauran alama. Sannan ya ja kujerar da hannun hagu, ya jingina ta da bango.