Manjo, Kofur da Kurtun Kawu Bitrus

Kawu Bitrus mai hoto bai taɓa karɓar abu bai auna shi a tafin hannu ba. Burodi ne, waya ce, har jaririn da aka kawo hoton suna, sai ya ɗaga ya jijjiga. In bai cika masa hannu ba ya taɓe baki ya ce, "Wanga ba shi da nauyi, ban yarda da shi ba." Ku mutanen Zuru kun sha jin maganar nan. Ni kuwa ɗiyar ƙanwarsa, da shagon ɗinkina ke jikin nasa, safe da yamma nake jin ta.

Tsohon soja ne, saboda haka kyamarorinsa biyu kowace da muƙaminta. Babbar Manjo, ta ko-ta-kwana Kofur, kuma kowace ta kai dutsen niƙa. Ya rataya su a gicciye bisa ƙirji, ya faɗa taron biki yana ba da oda.

"Amarya, ƙame! Ango, rufe haƙoran nan, ba tallar man goge baki muke yi ba!"

Shi ya sa duk gidan da ka ga hoton aure ango da amarya sun murtuke kamar an yi musu sata, to aikin Kawu ne.

Da ciwon wuya ya fara damunsa, ni na ja shi asibiti. Likita ya ce, "Baba, ƙashin wuyanka ya gaji. Ka rabu da guda, ka nemi mara nauyi ta riƙa raka babbar."

"Yaro, lokacin da wuyan ga ke ɗaukar bindiga, kai ana goyonka."

"Ai shi ya sa ya gaji, Baba."

Kawu ya ƙi ji. Sai da hannunsa ya fara mutuwa, cokali na suɓuce masa, sannan ya yarda a sayar da Kofur.

Kai, masu saye sun ga ta kansu! Wani malamin makaranta ya ɗora yatsa kan gilashinta, Kawu ya raka shi har bakin titi da tsintsiya. Wani ya nemi ragi, aka tambaye shi ko tumatir ya ga an kasa. Sai ga Danladi daga Manga, magidanci mai sanyin baki.

"Kana son Kofur?"

"Ina so, Baba."

"Mi ka kawo?"

"Kuɗi."

"Kuɗi! Ubanka da kuɗi ya samo uwarka? Golmo za ka yi!"

Mun ɗauka wasa ne. Golmo fa, noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata, a kan kyamara! Amma damina guda Danladi na duƙe a gonar Kawu a Dabai, da rani kuma yana bin shi biki-biki da jaka. Duk gidan da suka shiga Kawu ya nuna shi ya ce, "Ga surukina, Kofur yake nema." Mun yi dariya har da hawaye. Babu wanda ya kula cewa gidajen cinikinsa yake nuna masa ɗaya bayan ɗaya.

Ranar zaɓen mara nauyi ma ni da Kawu muka je, shagon wani Ibo mai kayan lantarki da ke kawo na hannu. Mai shagon ya jera masa kyamarori a tebur. Kawu ya ɗaga ta farko, ba nauyi, bai yarda ba. Ta biyu haka. Ta uku ya ce ko ashana ta fi ta. Mai shago ya dafe kai.

"Baba, mara nauyi kana so ko mai nauyi? Faɗa gaskiya, ni ya gaji!"

"Mara nauyi nake so, amma in ji ta a hannu."

Da ƙyar ya ɗauki wata 'yar baƙa mai shiga aljihun riga, ya sa mata suna Kurtu. Da ya wanko hotunan gwaji ya daɗe yana kallo, sannan ya leƙo shagona ya yi ƙasa da murya.

"Saratu, shegiyar ta fi Manjo ido. In kika faɗa wa wani, ba ni ba ke."

To, ba a daɗe ba Manjo ta mutu a tsakiyar wani biki a Kanya, kuma babu mai gyaran da bai gwada ba. A wurin bikin, sai Kawu ya zaro Kurtu, dama don irin ranar aka saye ta. Uwar amarya ta riƙe haɓa.

"Baba, ina babbar? Ɗiyata za ka ɗauka da wanga abin wasan yara? Ba ta da ko nauyi!"

Maganarsa ce aka maido masa, a gaban jama'a. Hotunan sun fito fes, amma wa ya duba? Labari ya bazu cewa Bitrus ya karye, da 'yar kyamarar yara yake yawo. Masu biki suka koma wajen Danladi, tunda Kofur ta koma hannunsa, shi ke da babba.

Kun san Kawu da taurin kai. Ya tafi wajen mai walda aka ƙera wa Kurtu gida na ƙarfe, da hanci a gaba irin na babbar kyamara, aka shafe da baƙin fenti. Da ya rataya sai da ya ranƙwafa, don ta fi Manjo da Kofur a haɗe. Na ce, "Kawu, likita fa?" Ya ce, "Likita ba ya zuwa biki." Kun yi dariya, na gan ku, amma ko mutum ɗaya bai kira shi aiki ba.

Abin da ba zan yafe ba shi ne na matan zumuntar cocinmu. Shekara da shekaru yana ɗaukar su kyauta duk ranar da suka yi sabon anko. A wannan karon suka ɗauko Danladi, suka rasa inda za su jeru sai jikin bangon shagon Kawu, wai fentinsa ya fi kyau. Ya fito da akwatin ƙarfensa a wuya, yana zaton shi aka zo wa. Ya tsaya, ya dube su, ya dubi Kofur a hannun wani. Danladi ya sunkuyar da kai. Can Kawu ya ce, "Matsa hagu, rana na dukan gilashinka." Ya koma ciki ya ja ƙofa.

Bai sake rataya kyamara ba, kuma kafin kaka ya rasu. A coci kun cika benci kuna cewa ciwon wuya ne. Ni da nake jin tarinsa ta bango na san zaman banza ne da baƙin ciki, kuma har yau raina a ɓace yake da ku.

Kawu, ka yi mana hidima da wuyanka har ya ƙare. Ubangiji ya gafarta maka faɗanka da taurin kanka, ya kwantar da kai cikin salama. Mu kuma ya koya mana kunya. Amin.