Rigar Baba Ɗan-Tani Mai Kacau-Kacau

Ku da kuka zauna Gamkalle kun sani, ba a ganin Baba Ɗan-Tani tela kafin a ji shi. Kacau, kacau, tun daga bakin kogi! Lambobin jam'iyyu ne, na ƙarfe, ya jera su a ƙirjin babbar rigarsa: na masu alamar tulu a dama, na masu alamar fitila a hagu. Babu mitin ɗin da ya wuce shi a Yamai, kuma bai taɓa tafa wa kowa ba. Da an raba lamba sai ya karɓa ya kama hanya.

In an ce, "Baba, kai wai na wa ne?" sai ya ce, "Ni ajiya nake."

Wan mahaifina ne, a gidansa na girma, don haka ba labari aka ba ni ba. Ranar zaɓe aka miƙa masa takarda biyu, ta tulu da ta fitila, don ya sa ɗaya a ambulan ya yar da ɗaya. Mutumin naku ya fito yana murmushi. Matarsa, Inna Hajo, ta ce, "Malam, wa ka zaɓa?" Sai ya zaro takardun biyu daga hula. Ambulan ɗin wofi ya jefa!

"Haba Hajo, in jefa ɗaya, 'yar'uwarta ta zauna ita kaɗai?"

Inna ta ce, "Wayyo ni, na auri kwandon shara!"

To, da aka samu mulkin kai, dariya ta ragu. An hana jam'iyyar fitila, wanda aka kama da lambarta sai kurkuku. Mahaifina Sule ɗan fitila ne na gaske, ya fita da asuba, ba mu sake ganinsa ba. Unguwa kowa ya ƙone zanensa mai hoton fitila, lambobi kuwa kogi ya sha su. Inna ta kafa wa Baba ido.

"Ko ka zubar, ko in tafi gidanmu."

"Na ji. Daga yau ba ki ƙara ganinsu."

Bai yi ƙarya ba fa. Farke rigar ya yi, ya mai da su cikin shafi, ya ɗinke. Ba a gani, amma wallahi ana ji.

Ran nan da hantsi sai ga jandarma biyu, wani ɗan gulma ya kai rahoto. Baba na tsakar gida sanye da rigar. Ya sandare ƙiƙam, ko numfashin kirki ba ya yi. Suka birkice akwati, suka kwance katifa, har cikin keken ɗinki suka leƙa. Babbansu ya ce, "Tsoho, zauna mana."

"Bayana ne ya riƙe, yallaɓai. In na lanƙwasa sai dai a ɗauke ni."

Sai ga atishawa ta taso masa. Na ga hancinsa na rawa. Inna ma ta gani. Matar nan da ta tsani ƙarar rigar kamar me, sai ta sa ƙafa ta ture tulin kwanonin da na wanke. Garam-garam! Baba ya saki atishawarsa a cikin hayaniyar, ita kuwa ta hau ni da faɗa wai ban iya jera kwano ba. Jandarma suka toshe kunne suka fice.

Baba ya ce, "Ashe kina son rigar nan, Hajo."

"Rufe mini baki! Kwanona biyu sun lotse."

Na daɗe ina jin haushinsa, ina cewa tsohon nan zai kai mu kurkuku a kan ƙarafa. Sai da ciwon ajali ya kwantar da shi ya kira ni, ya ce in kawo reza in farke daidai ƙirjin hagu. Wata lambar fitila ta faɗo, duk ta koɗe, naɗe a ƙyalle.

"Ta Sule ce. Da zai fita ya ce in riƙe masa har ya dawo. Ita kaɗai da ta yi fice, shi ya sa ban zubar da sauran ba. Karɓi, Rabi, na sauke."

Na yi kuka ranar har muryata ta dushe. Lambar kuwa ga ta nan ɗaure a bakin zanena.

Allah Ya jiƙan Baba Ɗan-Tani, Ya haɗa shi da ƙaninsa a Aljanna, Ya riƙe shi yadda ya riƙe amana. Amin.