Tara Cikin Ɗari na Malama Ba-Zama

Ƙarfe bakwai saura kwata take wucewa ta ƙofar shagona, jaka a kafaɗa, wayar caji tana leƙowa daga bakin jakar, tana sauri kamar ta bar tukunya a wuta. Shekara ashirin da bakwai ina ganin wannan wucewar, ban taɓa samun cikakkiyar gaisuwarta ba. Kafin in kai ga "ya gida" ta sha kwana. Yara suna kiranta Malama Ba-Zama, domin kujerar da ke ajinta, aji uku, ba ta san nauyinta ba. Littattafai ne ke zama a kai.

Ranar Juma'ar nan za ta ajiye aiki. Ni tela ne, rubutu ba sana'ata ba ce. Amma kwana uku ke nan ina ɗaukar almakashi ina ajiyewa, har na yanka wa wani bawan Allah hannun riga biyu duk na hagu. Akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, kuma tunda a bainar jama'a na yi ɓarnar, a nan zan gyara.

Shekara shida da suka wuce makarantar ta samu kwamfutocin hannu guda shida. Aka kulle su a kabad don kada su fashe. Ita ta je ta karɓo mabuɗin. Yaranta arba'in da biyu ne, intanet kuwa ba ta kamawa sai a bakin taga ɗaya, don haka kullum kafin a kaɗa ƙararrawa tana can tsaye, ta ɗaga kwamfuta sama tana jiran wasannin lissafi su buɗe. Sai ta raba ajin kashi uku. Wasu suna wasan, inda kwaɗo ke tsallake rafi a kan duwatsu, kowace amsa daidai tsalle ɗaya. Wasu suna ƙasa da murafan kwalba da tsinkaye, sauran suna gaban allo. Duk minti goma ta tafa hannu a yi musanya, ita kuma tana kewayawa, ta duƙa nan, ta leƙa can. Wani uba ya taɓa ce mata yanzu kam na'ura ta hutar da malamai.

"Wane hutu?" in ji ta. "Wasan yana gaya mini wa ya faɗi. Dalilin faɗuwar ni zan nemo."

A shekara ta biyu 'yata Auta ta shiga ajinta. Yarinya ce mai surutu kamar rediyo, amma duk ranar lissafi sai ta tashi da ciwon ciki. Abin yana mini ciwo. Ni da nake auna mutum da ido in faɗi yadinsa, a ce 'yata ta kasa ɗebe sha bakwai daga hamsin da biyu? Kullum arba'in da biyar take cewa. In buga tebur in ce talatin da biyar, ta yi kuka, uwarta ta janye ta.

Wasannin nan suna ajiye makin kowa, kuma shugaban makaranta yakan buga shi duk ƙarshen wata ya liƙa a ƙofar ofishinsa. Malama ce ta nace a riƙa sa wa yara lamba maimakon suna, sai ya zama sunanta kaɗai ke fitowa. Wata Laraba na je ɗaukar Auta na tsaya dubawa. Can ƙasa, ƙarƙashin yaro mafi rauni a ajin, ga sunan Malama: tara cikin ɗari.

Ban tambayi kowa ba. Na zaro waya na ɗauki hoton, na tura zauren iyaye, na rubuta a ƙasa: "Ga wadda ke koya wa 'ya'yanmu lissafi." Kafin in isa shago saƙon ya zaga gari.

Ranar Juma'a aka kira taro. Aka ba ta kujera, ta ce ta gode, ta tsaya. Shugaban makaranta ya ce, "Malama, ki yi wa iyaye bayani."

"Makin nawa ne, ranka ya daɗe. Ni na buga, ni na faɗi."

"Shi ke nan?"

"Sauran bayanin ba na taro ba ne."

Aka yi ta hayaniya, muryata ta fi ta kowa. Shugaban ya ce in ba a samu gamsasshen bayani ba, daga Litinin za ta koma kula da ɗakin littattafai, a ba wani malami ajin. Na koma gida ina jin na yi jarunta.

Auta ta ƙi cin abinci ranar Asabar. Ranar Lahadi da hantsi ta zo ta tsaya a gefen kekena tana murɗa bakin ɗankwali.

"Baba, da gaske za a ƙwace mata ajin?"

"Wadda ba ta iya ba ai ba ta koyarwa."

"Ta iya mana! Faɗuwata ce take yi."

Na ɗage ƙafa daga keke. "Me kika ce?"

"Lokacin hutun tara na koma ɗaukar gorata, na gan ta a bakin taga tana danna arba'in da biyar. Na ce, Malama, ai amsata ce. Ta ce sawuna take bi, wai in ba ta san inda na ɓata ba, ba za ta san inda za ta nemo ni ba. Ta ce kada in gaya wa kowa, tsakaninmu ne."

Uwarta tana bakin ƙofa da tsintsiya. Ta dube ni ta ce, "To, Baban Auta, ka auna sau nawa kafin ka yanka?" Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Na fita na dawo ya fi sau biyar, ban ɗinka ko maɓalli ba.

Litinin tun kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofa ina ciki. Na same ta a bakin tagar, tana buɗe wa wanda zai gaje ta wasannin. Na fara kame-kame, ta katse ni.

"Baban Auta, ba ni da lokaci, yara na tafe. Zo ka gani."

Ta buɗe wani littafi da ya sha hannu, ta rufe sauran shafukan da tafinta, ta nuna mini na Auta kaɗai. In yarinyar ta ga biyu a sama bakwai a ƙasa, sai ta juya su ta cire ƙarami daga babba, don ba ta gane ana aro daga gidan goma ba. Kowane yaro da irin kuskurensa, kuma kafin ta miƙa masa wasa sai ta shiga ta yi kuskuren nan nasa da gangan, ta ga yadda wasan zai karɓe shi. Wani wasan yakan jefa kwaɗon a ruwa da ƙarar dariya. Irin wannan ba ya shiga ajinta. Saboda Auta kaɗai ta faɗi a wasa goma sha ɗaya, sai a na sha biyu ta samu wanda ke kwance damin tsinke goma a gaban yaro ya ƙirga da idonsa.

"Me ya hana ki faɗi haka a taro?"

"In tsaya gaban iyaye arba'in in ce ɗan wane ba ya gane kaza? Su koma gida da abin dukansu? Gara a ce ni ce daƙiƙiyar."

Na shiga ofishin shugaban makaranta ba sallama, Allah Ya yafe mini, na zayyana masa gaskiyar lamarin. Aka bar mata ajinta. Kafin hutun zangon Auta ta daina ciwon ciki, yau tana sakandare, ita ke duba mini awo in na rikice. Na tura gyara a zauren iyaye, amma magana zarar bunu ce. Hoton ya je inda gyaran bai je ba. Ko a bara na ji wata a layin asibiti tana cewa, "Ba ita ce malamar nan da ta ci tara ba?" Shekara huɗu abin yana cina.

To, ita ce. Malama, ke ce kika ɗauki faɗuwar yara arba'in da biyu kika sa wa sunanki, don kada a kira sunan ko ɗaya. Ke ce kika tsaya ana jifan ki da magana, amsar tana cikin jakarki, kika ƙi buɗewa. Gagara-zama, tsanin masu rauni. Na zalunce ki, kin yafe tun ban gama roƙo ba, amma ban yarda a tafi da ke gida da wannan tabon ba. Na gode, Auta ta gode, uwarta ta gode. Allah Ya saka miki da alheri, Ya sa ki gama lafiya. Na ɗinka miki matashin kujera, don Allah ki gwada shi ko sau ɗaya.

Ku kuma malamai da aka damƙa wa waɗannan na'urori, kada ku miƙa wa yaro wasan da ba ku faɗi a cikinsa ba. Mu iyaye, mu riƙa tambaya kafin mu danna.

Jiya na kasa zama a shago, na taka makarantar in kai matashin. Sabon sakamako yana liƙe a ƙofar ofis. Na bi shi da yatsa har ƙasa. Sunan da ke can na wata matashiyar malama ne da za ta karɓi aji uku, wadda ta yi wata biyu tana bin Malama daga benci zuwa benci. Sha ɗaya cikin ɗari. Wani uba a gefena ya ja tsaki, ya sa hannu a aljihu zai zaro waya.

Na riƙe hannunsa. Na ce, "Ɗan'uwa, dakata. Zo mu zauna in ba ka labari."