Kusa ta Shida

Ina Mora, a gidan surukaina, ana shirin yanka ragon sunan jaririnmu, wayata ta yi ƙara. Mai gadin rumfar jiragen saman da muke aiki a Garoua ne. Ya yi mini sallama da Fillanci, ya tambayi hanya, ya tambayi mai jego, sannan ya ce, "Sai haƙuri. Yayanka ya faɗi a wurin alwala da azahar. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa."

Ban samu jana'iza ba. Washegari na iso, na zauna a tabarmar makoki a ƙofar gidanmu.

Ni da Yaya mun yi shekaru muna gyaran ƙananan jiragen sama na wani kamfani. Gidanmu gidan 'yan kasuwa ne, mu biyu kaɗai muka bi kanikanci. Shi ne mai hannu. Da kunne yake gane ciwon inji. Amma karatunsa bai yi nisa ba, rubutun Faransanci kuma yana ba shi wahala, don haka littafin jirgi a hannuna yake. Ƙa'ida ita ce duk abin da aka kwance ko aka ɗaure a rubuta shi nan take. Mu ba haka muke yi ba. Sai bayan la'asar, yana wanke hannu da omo, yake jero mini aikin ranar da Hausa, ina mayarwa Faransanci, ya sa hannu. Bai taɓa mance ko kusa ɗaya ba. Yakan tsokane ni cewa ni malamin makaranta ne da ya ɓata hanya ya faɗo cikin baƙin mai.

Ranar da zan tafi Mora, ya cire farfelar jirgin da ke kai likitoci da magani ƙauyukan arewa idan damina ta yanke hanya. Na ce in tsaya mu gama. Ya ce in tafi kada mota ta bar ni, idan na dawo sai mu rubuta duka. Na san bai halatta ba. Na tafi.

Bayan sadakar uku na koma aiki. Jirgin yana tsaye, farfela a wurinta, murfin da ke rufe kusoshinta a ɗaure, kayan aiki a jere cikin akwati. Littafin kuwa babu komai tun ranar da na tafi. Matuƙin jirgin, wani Kirista mutumin Kaélé da ya daɗe da sanin Yaya, ya yi mini ta'aziyya, sannan ya faɗa mini ana jiran magani tun kwana biyu. Ya ce idan na tabbata Yaya ya gama, in rubuta in sa hannu, shi zai tashi da shi.

Na ɗauki biro. A sanina Yaya ba ya rufe aikin da bai ƙare ba. Idan na rubuta, babu wanda zai san littafin ya yi kwanaki ba a rubuta aikin ba, sunansa kuma ya tsira. Na ajiye biron.

"Ban gani da idona ba," na ce masa.

Bai yi gardama ba. Ya ce to a kira mai duba aiki.

A gabansa muka buɗe murfin. Kusoshi shida ne ke riƙe farfelar. Biyar an ɗaure su daidai awo. Ta shida da yatsu na juya ta. Mai gadi ya tuna cewa ranar hadari ya taso dab da kiran salla, Yaya ya mayar da murfin don kada iska ta cika wurin da ƙasa, ya ce zai ƙarasa idan ya idar.

Sai da muka sake aikin daga farko. Maganin ya ƙara kwana biyu kafin ya tafi. Ban san abin da jinkirin ya jawo a can ba, ban kuma tambaya ba.

Mai duba aikin mutum ne mai adalci. Abin da ya gani ya rubuta: an bar aiki ba a kammala ba, ba a shigar da shi a littafi ba. Ya sa sunan wanda ya yi aikin. Wannan shi ne laifi ɗaya tak a takardun Yaya, kuma shi ne shafi na ƙarshe. Nawa sunan bai fito ba, tunda ina hutu a hukumance.

Yanzu kowace kusa na ɗaure sai na goge hannu na rubuta kafin in taɓa ta gaba. Abokan aiki suna cewa na cika jinkiri.

Na tambaya ko za a iya ƙara bayani a fayil ɗin Yaya, cewa rubutun a wuyana yake, ni na tafi na bar shi. Aka ce in kawo a rubuce. Na fara takardar tun daminar bara, na yi sakin layi biyu. Har yau ban ƙarasa ta ba.