Hucin Bakin Mika

Shekara ashirin da bakwai Mika yana gyaran tabarau da madubin likita, na duba ƙwayoyin cuta, a Zuru. Dabararsa ɗaya ce: ya hura wa gilashi hucin baki, ya goge da gefen riga. Har daga wani asibiti a Ribah ake ɗauko shi a babur.

Bara ya je taron injiniyoyin gilashi a Kaduna. Ya ga ƙura a wani madubin da aka baje, ya hura, ya kai riga. Wata injiniya ta cafke hannunsa.

"Baba, ai haka ake kashe gilashi!"

Da ya dawo, ya ɗaga madubin asibitin Ribah a rana. Duk ya kakkarce. Kuma ba wanda ya taɓa goge shi sai shi.